Kwalbar da Na Mayar wa Yayata

Ni tela ne a Gaya ta Nijar. Da ciwon karkarwa ya kama ni, ƙwayar da likita ya rubuta mini a Dosso ce ta dawo da ni kan keken ɗinki.

Wata rana yayata ta haye gada zuwa kasuwar Malanbil ta ƙasar Benin, ta sayo mini maganin ƙarin jini, wai na ɗashe. Na riƙa haɗa shi da ƙwayata kowace safiya. Ba a jima ba hannuna ya koma rawa, ko zare ba na iya sa wa allura. Likita ya ce sinadarin ƙarfen da ke cikin maganin yayata ne ke hana ƙwayar ratsa jiki, kuma jinina lafiya lau yake.

Na mayar mata da kwalbar.

"Auta, kyautata ka raina?"

"Yaya, ni nake kwana da ciwon nan. Ko kuka za ki yi, ba na ƙara sha."

Ta kai ƙarata wajen kawunmu, na maimaita a gabansa. Ta daina amsa gaisuwata. Ni kuwa ban fasa zuwa cin tuwo gidanta ba, har ta gaji ta soma ƙara mini miya.