Na Je Na Ga Cocin da Bukar Ya Shiga

Difa zuwa Yamai

Ana kiran assalatu na fito da ƙunshin tattasai da bandar kifi. Ƙarfe biyar kar ɗinmu, babbar motar fasinja, ta tashi. Abin da ya fitar da ni gida kuwa magana ce. Maƙwabciyata Ya Falmata ta baza a unguwa cewa ɗana Bukar da ke Faransa ya shiga coci, wai da bakinsa ya faɗa a waya. Na ce sai idona ya gani.

Jandarmomi suka duba mu a Maine-Sorowa, muka kwana Damagaram, kashegari da magariba muka shiga Yamai.

Faransa

Jirgi ya ɗauke ni. 'Yan duwan masu binciken kaya suka riƙe kifina, suka bar mini tattasai. Bukar ya tarbe ni, hannunsa duk kanta. Ban tambaye shi kome ba. Da safe muka yi awa biyu a mota zuwa wani ƙauye.

Ga cocin nan, dutse kan dutse, ya haura shekara ɗari bakwai. Manoman garin suka gina shi. Yaƙi ya cinye hasumiyar, jikoki suka maida ta. Daga waje an tokare bango da ginshiƙai, indararon kuma kan dodo ne, ruwa ta bakinsa yake zuba.

Na tuɓe takalma a ƙofa. Tsohuwa mai riƙe da makulli ta ce sanyi zai kama ni. Na sa Bukar ya gaya mata ɗakin ibadar mutane ba a shigarsa da takalmi.

Na ɗaga kai. Tagogi dogaye masu tsini, gilashi ja da shuɗi. Sai na ga rufin: baka huɗu sun taso daga kusurwa sun haɗu a tsakiya.

"Bukar, wannan ai ɗaurin guga ne, irin na ubanka."

"Shi nake gyarawa, Inna. Wata shida ke nan."

Marigayi babansa da laka da azara ya yi nasa a Damagaram. Ɗan ga shi da dutse. Ya ɗauki guduma ya hau tsani. Azahar ta yi, ya sauko, ya wanke hannu, ya shimfiɗa kwali bayan bango ya tada salla. Na bi shi.

Gida

Ran Juma'a da la'asar na sauka Difa, na gode wa Allah da ya kai ni ya maido ni. Ya Falmata ta shigo sannu da zuwa, tana kallon bakina.

Na ce, "Gaskiyarki, ya shiga. Kullum da safe yake shiga, da guduma."