Tanderun da Hashimu Bai Gina Ba

Hashimu mutumin Tahoua ne, amma Akokan, garin masu haƙar ma'adinai, ita ce ta cinye masa ƙuruciya. Shekara ashirin da shida yana gyaran famfunan ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Da aka rufe ramin ma'adinin, aka ba kowa kuɗin sallama, gari ya fara zubewa kamar buhun da ɓera ya huda. Matarsa Rahama ta kwashi yara ta koma gida. Da za ta shiga mota ta ce, "Malam, in sana'a ta zauna ka kira ni in dawo. In ba ta zauna ba, kai ka taho."

Shi kuwa tanderun burodi yake so ya gina, a bakin hanyar da ma'aikata suke jiran motar aiki. Ya san wurin sarai. Sau uku a yini ake cika shi, kowa da ƙunshin abincinsa a hannu. Har ya yi magana da Muktari magini, suka sa ranar Asabar.

Sai dai rami ya bar masa wata ɗabi'a. A can ba a sauka sai an cika takarda: wane aiki za a yi, da wa za a yi, in abu ya ɓaci ina mafita. Ranar Alhamis da hantsi ya zauna a tsakar gida, inda igiyar shanya take rataye babu ko ɗankwali a kanta, ya buɗe tsohon littafinsa na aiki.

Tambaya ta farko ba ta ba shi wuya ba. A ta biyu ya rubuta: wa zai saya? Ya shiga jera sunaye, hannunsa na gudu. Dodo mai walda. Ramalan da ƙannensa biyu. Alkassoum, wanda ba ya shan shayi sai da burodi. Shafi ya cika, har ya yi murmushi.

Sannan ya koma sama yana bi ɗaya bayan ɗaya. Dodo yana Damagaram. Ramalan ya bi masu neman zinariya zuwa Tchibarakaten, ƙannen sun bi shi. Alkassoum, Allah ya jiƙansa, bara aka kai shi. Duk wanda ba ya gari sai ya ja masa layi. Da ya kai ƙasan shafin, suna uku suka rage, ɗaya ma likita ya hana shi cin fulawa.

Ya sa takalmi ya tafi bakin hanyar, daidai lokacin da ake canjin aiki a da. Ya tsaya ya daɗe. Akuya biyu suka wuce, sai wani mai amalanke da bai ko dube shi ba.

Ranar Asabar Muktari ya iso da igiyar awonsa.

"Baba Hashimu, ina za mu ja layi?"

"Na riga na ja, Muktari. Yi haƙuri da wahalar tahowa."

Da magini ya tafi, Hashimu ya ɗauki littafin. Tambaya ta uku, ta ina mafita, tana nan babu amsa. Ya rubuta kalma ɗaya a ƙarƙashinta, ya kira Rahama a waya.

"Malam, sana'ar ta zauna?"

"Ki sa a share mini ɗaki," in ji shi. Ya miƙe ya fara kwance igiyar shanya.