Mutumin da ke gefen talabijin

Wallahi abin nan ni ya faru da ni, ba ji na yi ba. Lokacin ina ɗan aikin kwamfuta a Malumfashi, wata ƙungiyar manoma ta ɗauke ni in je Ƙarfi in nuna musu hotunan tsutsar da ke cin masara, hotunan da ni da hannuna na ɗauka a gonakinsu satin da ya wuce.

Bayan azahar aka kawo talabijin zaure, na jona ta da kwamfutata ta zama allo na biyu. To ma'auninsu bai zo ɗaya ba, talabijin ta fi faɗi, sai hoton ya tsaya tsakiya, gefe da gefe baƙi. Na shiga saiti na ƙara ma'aunin.

Baƙin ya cike da masara, har da wurin da kyamarata ba ta kama ba. Kuma can gefen dama ga mutum tsaye da fartanya, ya ba mu baya. Na duba kwamfutata, masara ce zalla.

Wani dattijo, Malam Audu, ya miƙe ya ce, "Wannan ai Sale ne. Ga hularsa nan."

Na kusa da ni ya raɗa min cewa Sale ɗansa ne, maciji ya sare shi a gonar nan bara, kuma ko hotonsa ɗaya ba su da shi.

Ni da taurin kai na ce matsalar saiti ce, na sake ƙarawa. Sai ga mutumin ya matso, ya ɗan juyo, har kunnensa ana gani.

"Ɗan nan, ƙara sau ɗaya," in ji Malam Audu. "Fuskarsa ta fara ɓace min a rai. In gan ta kawai."

Saura mataki ɗaya a saitin. Jama'a, tsoro ya ci ni, na fizge wayar.

Da hankalina ya dawo na sake jonawa, na bi ma'aunin nan ɗaya bayan ɗaya har aka kira la'asar, babu kowa sai masara. Tsohon bai zage ni ba, da ma ya zage nin. Takalmansa ya ɗauka ya ce, "Ba komai, Allah bai nufa ba."

Kafin a cire masarar bana tsohon ya rasu, kuma har yau abin na cina. Shawarata, ku daidaita allunanku tun kafin mutane su taru. In kuwa kun riga kun buɗe, tsoho ya roƙe ku, kada ku yi irin tawa.