Goruna Bakwai na Malam Sada

Malam Sada manomin wake ne a wani ƙauye kusa da Sandamu, kuma kowa ya san shi da goruna bakwai da ke rataye a rumfarsa. Ba ruwa a cikinsu, ba nono. Ƙasa ce.

Tun yana saurayi ya lura cewa a gindin wani gawo na gonarsu, tsutsa kan ci wake kwana biyu, sai ta daina ci, ta yi baƙi, ta mutu. Ya ɗebi ƙasar wurin da matattun tsutsotsin, ya dama da ruwa, ya tace, ya yayyafa wa sauran kunyoyi da tsintsiya. Tsutsar can ma ta mutu. Daga nan duk inda ya ga irin haka, a Dutsi ne ko hanyar Kongolam, sai ya ɗebo ya zuba a gora daban. Bai taɓa haɗa biyu ba.

Damina ta biyu bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jiharsu, wata baƙuwar tsutsa ta faɗa wa wakensa yana fure. Da waken nan kuwa yake riƙe gidansa har shekara. Ya yayyafa ƙasar gawo, tsutsa ko gezau.

Maƙwabcinsa Mainasara ya leƙo daga iyakar gona. "Malam, kunu kake ba tsutsotsin nan? Har sun yi ƙiba! Juye gorunan nan a tulu guda mana, ka huta."

"In na haɗa, yaya zan gane wadda ta yi aikin?" in ji Malam Sada.

Ya ware kunya bakwai, kowace da goranta. Rana ta huɗu ya tarar da tsutsa ta zube a kunyar ƙasar Dutsi kaɗai. Ya tsince matattun, ya sake damawa, ya bi gonar kaf. Waken ya tsira. Ragowar ruwan kuwa, Mainasara ne ya zo ya roƙa, yana sosa ƙeya.

Bayan shekaru wata mai bincike, Malama Kubura, ta zo neman ƙasa. Ta ce akwai ƙwayoyin halitta a ciki da ido ba ya gani, dangi ɗaya ne amma iri-iri, kowane iri da tsutsar da yake kashewa.

"Baba, wa ya koya maka raba su?"

"Tsutsa," ya ce.

Ta buɗe leda guda. Ya riƙe goransa, ya ƙi zubawa sai da ta nemo bakwai.