Tambayar da Hadiza ta yi mini a ɗakin shawara

Har yau ban manta da ranar da aka kira ni in yi tafinta a asibitinmu na kusa da garin Laurel, a ƙasar Turawa, ba. A lokacin ni ce babbar ma'aikaciya a ɗakin gwaji na sashen taimaka wa masu neman haihuwa.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, mukan haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji, a samu 'yan tayi, a dasa mata ɗaya ko biyu, sauran a daskarar da su a tanki. Idan ma'aurata sun gama haihuwa, suna iya bayar da ragowar don bincike. Masu bincike kan ciro ƙwayoyin tushe daga cikin ɗan tayin, wato ƙwayoyin da kan iya zama tsoka ko jijiya ko jini, da fatan a samo maganin cututtuka irin su ciwon suga. Amma da zarar an ciro su, ɗan tayin ya lalace. Ƙa'ida ita ce a faɗa wa mai bayarwa wannan ƙarara.

Matar da zan yi wa tafinta sunanta Hadiza, 'yar Damagaram ce, mijinta direba ne a garin Manassas. Ta haifi tagwaye ta hannunmu, yanzu kuma ana so ta bayar da ragowar 'yan tayinta. Turancinta kaɗan ne. Mataimakin darakta, wanda ke tara wa masu bincike 'yan tayi, ya tare ni a bakin ƙofa.

"Ki ce mata kyauta ce da za ta taimaki marasa lafiya," in ji shi. "Kada ki shiga dogon bayani, ruɗa su yake yi."

Muka shiga tare da shi, na zauna, muka gaisa da ita, na fara fassara mata maganarsa. Hadiza tana ta murmushi, tagwayen na barci a kekensu. Can sai ta taɓa hannuna ta ce, "Yaya, matar da za a saka wa su, Musulma ce? Ina so dai a ba su tarbiyya."

Ashe duk zatonta wata mai neman haihuwa za a ba. Na ce, "Ƙanwata, ba wadda za a saka wa. Buɗe su za a yi a ciro abin da ke ciki. Ba za su rayu ba."

Ta dubi mataimakin darakta, wanda take kira Lokotoro, wato likita, ta dube ni. "Lokotoro ya san da haka?"

"Ya sani."

Ta gyara mayafinta, ta tura keken 'ya'yanta ta fita.

Shi kuwa ya hau ni da faɗa, wai an sa ni fassara na koma wa'azi, wai na shigo da addinina cikin kimiyya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa shekaruna a wannan aiki sun fi nasa, kuma ina goyon bayan binciken, mahaifina ma ciwon suga ne ya ci ƙafarsa. Na tambaye shi, da Hadiza Baturiya ce 'yar'uwarsa, zai ce bayani na ruɗa ta? Washegari ya ba da umarnin kada a sake kirana tafinta.

Na kai ƙara kwamitin ɗa'a na asibitin. Suka saurare mu, suka tilasta a riƙa furta kalmar lalatawa da harshen mai bayarwa. Shi kuma ko gargaɗi ba a yi masa ba, yana nan kan kujerarsa. Wannan har yanzu yana ci mini rai.

Bayan 'yan makonni Hadiza ta dawo tare da mijinta. Sun tambayi malaminsu, ya ce musu akwai malaman da suka halatta bayar da ragowar don neman magani. Duk da haka suka ce a'a.

"Yaya, da ya faɗa mini gaskiya da bakinsa, wataƙila da na bayar," in ji ta. "Amma mutumin da ya bar ni ina yi wa 'ya'yana zaɓen uwa, yana kallona, ba zan ba shi komai ba."

Ku da kuke shigowa wannan aiki, za ku haɗu da masu ilimi da kyakkyawar niyya waɗanda gaggawa ke sa su ga mai bayarwa kamar shinge a gabansu. Binciken yana da amfani, amma a hannun mutane irin Hadiza yake samun abin aiki. Ku faɗa musu abin da za a yi wa ɗan tayinsu da yarensu, sannan ku yi shiru ku jira amsarsu, ko da a'a ce.