Ranar da surukin Alhasan ya same shi da muciya

Ina tuna ranar nan sarai, kuma zan faɗi waɗanda ke wurin don kada wani ya ƙara mata gishiri. Akwai ni, Mma Azumi 'yar Salaga, shugabar masu dafa abinci a kicin ɗin kwalejinmu na Bawku. Akwai Lamisi mataimakiyata, da Madam Hawa mai koya wa ɗalibai rubutu, da ɗalibinta Alhasan ɗan Yendi. Daga baya Alhaji Seidu mai kawo mana masara ya shigo.

Ni ban taɓa zama a aji ba, amma an yi min bayanin darasin Madam Hawa. Rubutu ne a kan aikin maza da aikin mata a al'ada. Ƙa'idarta ita ce ba ka rubuta abin da ba ka taɓa da hannunka ba. Kowace safiya ka yi aikin, ka zauna ka rubuta shafi guda. 'Yan mata ta tura su kasuwar shanu, samari ta watso min su kicin. Ban so ba, na kuma faɗa mata.

Alhasan ya riga ya faɗi darasin sau ɗaya, don ya kwafo nasa daga waya. In ya sake faɗi babu satifiket, kuma Alhaji Seidu ya ce sai da satifiket zai ba shi 'yarsa Rahinatu. Ran nan Madam ta zo da kanta ta ba shi maki a kan tukunya.

Ga wanda bai sani ba, tukunyar tuwonmu babba ce. Ana maƙala ƙarafa biyu a kunnuwanta, mai tuƙi ya zauna a kujera ya take su da ƙafa. Ka ɗaga ƙafa, tukunya ta tuntsure. Ka tsaya da tuƙi, gudaji. Na ɗaura masa zanen Lamisi saboda wandonsa fari ne, talge ya tafasa, aka zuba gari, ya fara.

Sai ga sallamar Alhaji, shi da buhunansa.

To, yaron Yendi ba ya gaida suruki daga kan kujera. Takalmi zai cire ya durƙusa har ƙasa. Na ga ƙafarsa ta fara motsi.

Na ce, "Alhasan, ka ɗaga ƙafar nan, kai za ka gaya wa ɗaliban makarantar nan dalilin azuminsu."

Ya ce, "Mma, Baba ne fa!"

Na ce, "Na gan shi. Tuƙa."

Sai ya nemi yin duka biyu. Ya zame daga kujera, ƙafafu a kan ƙarafa, gwiwoyi har kunnuwansa, muciya sama da kansa, yana tuƙi yana cewa, "Baba, ina kwana? Ina gajiya? Yaya mutanen gida?" Zane ya kwance. Lamisi ta shige bayan buhu tana tarin ƙarya. Madam Hawa ta fara yi wa Alhaji bayani da Turanci, ta koma Hausa.

Alhaji ya matso bakin murhu. Ya daɗe yana kallon tukunya, yaro yana ta zufa. Can ya ce, "Wa ya koya maka riƙon muciya kamar mai tura jirgin ruwa?"

Ya naɗe hannun babbar riga, ya ce yaro ya matsa. Ashe da ƙuruciyarsa, lokacin da yake raka shanu kudu, shi ke yi wa ayari tuwo a hanya. Ni da na san matansa tun suna amare ban taɓa jin wannan ba. Ya tuƙa, tuwo ya yi sulɓi, ban sami abin kushewa ba, kuma na duba.

Ya miƙe ya ce, "Satifiket yana nan yadda na ce. Na ƙara sharaɗi. Ranar da Rahinatu ta kwanta ciwo, gudaji za ka ba ta? Mma Azumi, sai kin ce ya iya." Ya juya wurin Madam. "Ke kuma, kada sunana ya shiga takarda."

Madam ta ce wa Alhasan maki sai ta ga shafinsa. Nan kan buhun masara ya zauna ya rubuta, waya tana aljihu. Ya cika shafi ya juya baya. Ya sa wa Alhaji suna "wani dattijo", kuma duk Bawku ta gane dattijon.

Abin da na koya shi ne yaran nan ba ƙin karatu suke ba, wanda zai tsaya a kansu suka rasa. Maza kuma da yawa sun iya tuwo, ɓoyewa suke.

Washegari da sassafe na je ofishin Madam Hawa, na ce ta ƙaro min samari uku. A hanyar dawowa na biya kasuwa na sayi sababbin muciyoyi. Na tarar da Alhasan a bakin kicin, ya zo da zanensa.