Ranar da Allon Malam Akwati Ya Mutu

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar cibiyar koyon kwamfuta, Malam Akwati ya iso. Yakan hau bene a hankali, hannun dama yana shafa bango, na hagu riƙe da leda cike da sabulun wanki. Ya jera sabulun a kan tebura, kowane da 'yar wuƙa a gefensa, sannan ya kunna kwamfutoci ya tsaya yana sauraron ƙuginsu. Ɗalibai sun ɗauka tsufa ne da tsantseni. Ba wanda ya taɓa tambayar dalilin shafa bangon.

Daga aikinsa ya samu sunan. Shi ke koyar da gina mutum-mutumi a cikin kwamfuta, irin na wasannin waya da katun, waɗanda ake juya su a ga gabansu da bayansu. Komai daga akwati yake fara shi. A raba akwatin biyu, a jefar da rabi, a sa madubi ya cike gurbin, yadda duk abin da ka yi a dama zai fito a hagu. A jawo ƙasa ya zama ƙafa, a jawo gefe ya zama hannu, a ɗaga sama wuya ya fito. Ba ya son kusurwoyi barkatai. Yakan ce, "In kusurwa ba ta da aikin yi, ku sallame ta. Nan ba gidan baƙi ba ne."

Yana da wata doka da ba a karyawa. Duk abin da ka gina a kwamfuta, sai ka sassaƙa shi a sabulu ka ɗora masa a tafin hannu. Ya lumshe ido, ya bi shi da yatsa, ya ce wa wani ɗalibi da ake kira Direba, "Direba, wannan hannu ne ko bututun hayaƙi?" Aji ya fashe da dariya, Direba ya koma ya gyara.

A ajinsa na ƙarshe akwai wata mata da ake kira Mai Ɗinki. Ciwon baya ya raba ta da keken ɗinki, ta zo neman sana'ar da za ta riƙe 'ya'yanta da ita. Ranar farko linzamin kwamfuta ya ƙi yi mata biyayya har ta ɗauki jaka za ta tafi. Malam ya ce, "Zauna, 'yata. Hannun da ya iya fitar da hannun riga daga yadi ba zai kasa fitar da shi daga akwati ba." Ta zauna. A kujerar gaba take zama, shi ya sa ta ga abin da ya faru da kyau.

Wata safiya Malam yana tsaye yana gini a babban allon bango, wanda shi kaɗai ne kwamfutarsa ke haskawa. Wayar baya ta zame, allo ya yi baƙi ƙirin. Mai Ɗinki ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ji ya ce, "Kun gani? Ga kafaɗa ta fito. Ku kalli nan sosai." Yatsarsa tana nuna baƙin allo.

Direba ya yi dariya, a zatonsa wasa ne. Da ya ga ba wasa ba ne, ya daina. Malam bai dakata ba, yana danna madannai yana bayani, yana nuna gwiwa, yana nuna wuya, fuskarsa a sake. Ba wanda ya motsa a ajin. Can Mai Ɗinki ta sulale ƙasa, ta lallaɓa bayan tebur ta mayar da wayar. Allo ya kawo. Ga mutum nan a tsaye, da ƙafafu da hannuwa da wuya, komai a mazauninsa. Wata ɗaliba ta toshe bakinta da mayafi.

Subhanallahi! Mutumin da ke koya musu kallon siffa ba ya ganin allon da ke gabansa.

Da yamma Mai Ɗinki ta nemi gidansa. Ta tarar ya fita masallaci, matarsa tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Bayan gaisuwa ta ce, "Mama, idon Malam fa?" Matar ta ajiye tire. Sannan ta faɗa mata: idon ya jima yana tafiya, yanzu haske da inuwa kawai suka rage, likita ya ce ba gyara. Ya haddace kowane dannawa da kowace lamba, a gida yake maimaitawa da kwamfuta a kashe. Dokar sabulun ma idon ne ya kawo ta.

"In shugaban cibiya ya ji, zai sallame shi," in ji matar. "Kuma ba wani mai koyar da wannan aikin, rufe ajin za a yi. Cewa ya yi ba zai bar ku a tsakiyar hanya ba. Don Allah, 'yar nan, ki rufa masa asiri."

Washegari Mai Ɗinki ta tara 'yan ajin a ƙasan bene. Ba a yi gardama ba. Daga ranar, kowa ya koyi faɗin aikinsa da baki: "Malam, na jawo hannu, amma ya wuce gwiwa." In shugaba ya leƙo, Direba ya miƙe ya rangaɗa gaisuwa da ƙarfi, don Malam ya san inda zai juya. Mai Ɗinki ta ɗaure wayar allon da ƙyalle. Malam har yabonsu ya yi, wai bai taɓa samun aji mai bayani irin wannan ba. Duk lokacin da ya faɗi haka sai ta sunkuyar da kai, hawaye na neman tona ta.

Suka kammala, ba wanda ya faɗi. Ranar sallama, wadda ita ce ranar ritayarsa, kowa ya kawo sabulunsa na ƙarshe. Mai Ɗinki ta ɗora nata a hannunsa. Ya bi ƙafafun, ya gyaɗa kai. Da ya iso kan sai ya tsaya.

"'Yata, kin cire madubi. Kan nan a karkace yake, kunne ya yi gaba. Wa kika gina haka?"

"Kai ne, Malam. Haka kake tsayawa a gaban allo."

Yatsunsa suka daina motsi. Shugaba yana kallonsu bai gane ba tukuna.

"Tun yaushe kuka sani?"

"Tun ranar da allo ya mutu."

Ya ɗago fuska wajen muryarta. "Allo ya taɓa mutuwa?"

A nan Direba, ƙaton mutum, ya fashe da kuka. Shugaba ya nemi kujera ya zauna, yana ta salati.

Malam Akwati, kai ne ka hau benen nan cikin duhu don wasu su fita da sana'a. Na san akwai masu cewa ɓoyon bai dace ba, kuma ba zan ce ba su da hujja ba. Amma su je su ga Mai Ɗinki, wadda ke tsaye a wurinka yanzu, tana koyar da sabon aji kuma 'ya'yanta suna makaranta. Mun gode, Malam. Allah ya saka maka, ya sanyaya maka abin da ya rage.

Ku kuma masu wata sana'a a hannu, ku miƙa ta tun da sauran ƙarfi, kuma in kun ga dattijo yana shafa bango, ku tambaya. Malam yana gida yanzu. Matarsa ta ce sabulun Mai Ɗinki yana kan taga kusa da gadonsa, ya hana kowa taɓawa, kan har ya soma sulɓi saboda yawan shafawa.